Masu Hawan Jinin Da Ke Wuce Mu A Asibiti Ba Mu Gane Su Ba

"Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da ke ƙasar Daura, shekarata 6 ke nan a wurin. A cikin watanni 3 da suka wuce an kawo mana mutum biyu da ɓarin jikinsu ya shanye, dukansu kuma mutanenmu ne da muka saba gani, amma ba wanda ya taɓa sanin suna da hawan jini. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah ta yaya za mu riƙa gano irin waɗannan mutane tun abin bai kai ga haka ba, kuma idan mun gano su me ya kamata mu yi, tunda likita ba kullum yake zuwa wurinmu ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba waɗannan bayin nasa lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Idan na fahimce ki, kina tambaya ne a kan yadda ƙaramin asibiti zai riƙa kama hawan jini a jikin mutanen da wata lalura daban ta kawo su, da kuma matakin da ma'aikacin da ba likita ba zai iya ɗauka bayan ya kama shi. Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne cewar da kika yi mutanen nan naku ne da kuka saba gani, domin a nan gizo ke saƙa. Yawancinmu idan aka ambaci masu hawan jinin da ba a gano ba, sai tunaninmu ya tafi can ruga ko ƙauyen da mota ba ta shiga, alhali da yawansu sun zauna a kan bencinmu, sun karɓi kati daga hannunmu, wasu ma an auna su an rubuta lambar, suka tashi suka tafi ba a ce musu komai ba.

A shekarun baya, ina duba marasa lafiya a wani asibiti a cikin garin Katsina, aka kawo mini wani magidanci mai sayar da hatsi, shekarunsa ba su wuce 55 ba. Ya tashi alwalar asuba ne buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Bayan mun yi masa abin da ya sawwaƙa, sai na zauna na buɗe tsohon katinsa. Sau uku ya zo a cikin shekara biyu. A zuwan farko an rubuta 160/100 a gefen takarda, aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. A na biyu 170/100, aka ba shi maganin ciwon jiki. A na uku 165/105, rubutun da ke ƙarƙashin lambar kuwa hannuna ne. Tari ne ya kawo shi ranar, na saurari ƙirjinsa, na rubuta masa magani, idona ya bi ta kan lambar nan ban tsaya ba, saboda layi ya kai bakin ƙofa. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma duk abin da zan faɗa miki a nan daga wannan kati ya samo asali.

Dalilin da ya sa yake ɓuya

Hawan jini shi ne ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiyoyi da shi ya wuce ƙima ya kuma zauna a haka. Lambar sama tana nuna ƙarfin a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma a lokacin da ta saki. Sunan da muka ba shi a Hausa yakan ruɗi mutane, har wani ya ɗauka jinin ne ya yi masa yawa, ya tafi wurin wanzami a yi masa ƙaho, wani kuma ya ce tunani ne kawai, da zarar an biya bashi ko an shirya da kishiya zai sauka. Ɓacin rai yana ɗaga shi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma asalinsa a mafi yawan mutane gado ne da shekaru da gishiri da ƙiba da rashin motsa jiki, kuma zai iya shafe shekaru yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido mai shi yana noma gonarsa lafiya lau. Ciwon ƙeya da jiri da haɓo da muka saba jira ba abin dogaro ba ne, domin mafi yawan masu cutar ba sa jin komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, ya nuna cewa a 2020 kusan kashi 32 cikin 100 na manya suna da shi, waɗanda suka san suna da shi ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu cutar ba, masu shan magani kuma kashi 12 ne kacal. Bisa wannan ƙiyasi, idan manya 30 suka zauna a kan bencinki da safe, kada ki yi mamaki idan kusan 10 daga cikinsu suna ɗauke da shi.

Akwai kuma abin da yake laifin tsarin aikinmu ne. Mun saba ɗauko na'urar awo ga tsoho, ga mai jiki, ga wanda ya ce kansa na sarawa. Siririn manomi ɗan shekara 40 da ya zo a ɗaure masa yankan lauje ba ma auna shi. Mace tana samun awo muddin tana zuwa awon ciki, da ta daina haihuwa sai a daina auna ta, alhali lokacin ne ma haɗarin ke ƙaruwa. Maza kuwa ba sa zuwa sai ciwo ya kayar da su, saboda haka ranar da namiji ya taka asibiti, ko da matarsa ya rako, dama ce da bai kamata ta wuce ba.

A auna kowa, kuma a auna daidai

Shawarata ta farko ita ce duk wanda ya kai shekara 18 ya shigo asibitinku a auna shi kafin ya ga mai duba shi, komai abin da ya kawo shi. Wannan ba ya yiwuwa idan aka bar awon a hannun mai rubuta magani, domin shi ne ya fi kowa gaggawa. Ku ajiye tebur da kujera mai jingina kusa da wurin yankan kati, ku ba mutum guda wannan aiki. Na'urar zamani mai batir wadda ake ɗaurawa a damtse ta fi sauƙi ga irin wannan aiki, muddin ingantacciya ce kuma ana gwada ta da wata lokaci-lokaci. Ta wuyan hannu ba na son ta a asibiti. Mai agogo da ake matsawa da hannu tana aiki, amma allurarta takan kauce idan ta sha faɗuwa, kuma masu amfani da ita sukan mayar da kowace lamba mai sifili a ƙarshe. Ki duba rajistarku, idan kika ga 120/80 ya cika shafi daga sama har ƙasa, to ki sani ana rubutu ne ba a awo.

Yadda ake awon shi ne inda aka fi yin sakaci, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutum ya taho da ƙafa cikin rana ko ya sauko daga kan babur, a bar shi ya zauna minti 5 tukuna. Bayansa ya jingina, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirjinsa, ba a rataye ba. Idan yana jin fitsari ya fara zagayawa, domin cikakkiyar mara tana iya ƙara kusan 10 a lambar sama, haka ma magana. Wannan na ƙarshe yana da wuya a wurinmu, saboda ba ma iya ɗaura wa dattijo abu a hannu ba mu tambaye shi iyali da gajiya ba. A gama gaisuwar tukuna, sannan ki ce, "Baba, mu ɗan yi shiru na minti guda." A tambaye shi kuma ko ya ci goro ko ya sha taba ko kofi a cikin rabin sa'ar da ta wuce.

Maɗaurin ya zauna a kan fata. Na sha ganin an ɗaura shi a kan hannun kaftani da rigar sanyi lokacin hunturu, ko an naɗe hannun riga har ya shaƙe damtse kamar igiya. Ga mata, a sami labule ko lungun da mace za ta zare hannunta daga hijabi ba tare da jin nauyi ba, kuma mace ta auna ta idan da hali. Girman maɗaurin ma abin lura ne: ƙarami a babban damtse yana ba da lambar da ta fi gaskiya yawa, saboda haka asibiti yana buƙatar aƙalla matsakaici da babba. A zuwan farko a auna hannu biyu, a riƙe wanda ya fi yawa don gaba. Idan lambar ta kai 140 a sama ko 90 a ƙasa, a jira minti 1 ko 2 a sake, a rubuta ainihin abin da na'ura ta nuna, 147/92 ba 150/90 ba.

Abin da ke biyo bayan lambar

Awon rana ɗaya ba ya tabbatar da cutar. Zazzaɓi da raɗaɗi da fargabar asibiti duk suna ɗaga lamba, akwai ma mutanen da jininsu ba ya hawa sai a gaban ma'aikaci. Ƙa'idar da muke bi ita ce a sami 140/90 ko fiye a ranaku biyu mabambanta. Wanda ke da na'ura a gida zai iya aunawa safe da yamma na mako guda, a nan kuma iyakar ita ce 135/85. Za ki iya jin cewa likitocin Amurka sun sauko da iyakar zuwa 130/80 tun 2017, amma a ƙananan asibitocinmu 140/90 ake aiki da shi.

To, tsakanin awon farko da na biyu ne ake rasa mutane, kuma a nan ne ni ma na rasa mai hatsin nan. Wanda aka auna aka ga lamba aka ƙyale shi, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Abin da na koma yi, kuma nake roƙonku ku yi, shi ne duk lambar da ta kai iyaka a zagaye ta da jan biro a kan kati, ta yadda mai duba mara lafiya ba zai iya tsallake ta ba. A faɗa wa mutum lambarsa da baki, a rubuta masa a 'yar takarda tare da ranar dawowa, cikin mako 1 zuwa 2. "Ka dawo wani lokaci" ba rana ba ce. Ga mutanen ƙauye, a ɗaura ranar da ranar kasuwar da suke ci, tunda dama za su shigo gari. Sannan a buɗe littafi guda na musamman, a rubuta suna da unguwa da lambar waya da lambar awo, wani ya riƙa duba shi duk ƙarshen mako ya kira waɗanda ba su dawo ba, ko ya aika ta hannun mai unguwa. Idan kun sami yammacin da aiki ya lafa, ku ɗauko katunan shekarar da ta wuce ku bi su ɗaya bayan ɗaya kuna neman lambobin da aka rubuta aka wuce. Ranar da na fara yin haka, kafin la'asar na tara katunan da suka cika hannu.

Akwai waɗanda ba a cewa su dawo. Wanda lambarsa ta kai 180/120 kuma yana da ciwon ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya, ko gani ya dushe, ko ya rikice, ko wani ɓari ya yi nauyi, a tura shi babban asibiti nan take, Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Wanda ake zaton ɓarinsa ya shanye kada a ɗura masa ruwa ko magani ta baki, kada kuma a yi ƙoƙarin faɗo da jininsa da gaggawa. Tsohuwar al'adar fasa ƙwayar maganin hawan jini ta nifedifin a ƙarƙashin harshe an daina ta, domin faɗuwar jini farat ɗaya tana iya hana ƙwaƙwalwa jinin da take buƙata. Wanda lambarsa ta yi irin wannan hawa amma ba ya jin komai, a zaunar da shi ya huta, a sake awo, idan tana nan a fara masa magani a ranar, ya dawo cikin 'yan kwanaki. Mai ciki kuwa hukuncinta daban ne: 140/90 bayan mako 20, musamman idan an ga furotin a fitsari, hanyar jijjiga ce, kuma 160/110 a jikinta abin gaggawa ne ko da tana dariya.

Tambayoyin da ake yi kafin a rubuta magani

Ki tambayi abin da yake sha, kuma ki tambaya da sunan da ya sani. Masu aikin ƙarfi da tsofaffi masu ciwon gwiwa suna sayen diklofenak da ibufurofen a kemis suna sha kullum kamar goro, waɗannan kuwa suna ɗaga jini suna kuma cutar da ƙoda. Haka ƙwayoyin da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, irin su deksametason, da wasu mayukan bilicin, da wasu magungunan mura, da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu. Sai batun tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, amma idan kika ce wa uwargida ta rage gishiri ba ki ambaci dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da kanwa ba, ba ki faɗi rabin maganar ba. Kanwa tana ɗauke da sodiyam mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri, kuma tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan jego. Shawarar abinci da aka ba maigida shi kaɗai ba ta isa madafi, saboda haka a nemi mai girkin ta zo.

Idan da hali a gwada fitsari da suga da aikin ƙoda. Amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta bayyana cewa rashin waɗannan gwaje-gwaje kada ya jinkirta fara magani, ta kuma amince ma'aikatan da ba likitoci ba su ba da maganin hawan jini idan an horar da su, an ba su rubutaccen tsari, kuma akwai likitan da ke sa ido. Wannan ya amsa kashi na biyu na tambayarki. Irin wannan tsari ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara aiki da shi a ƙananan asibitocin Kano da Ogun a 2020: a fara da amlodifin miligiram 5, idan bayan wata guda lambar ba ta sauko ƙasa da 140/90 ba a ƙara losatan miligiram 50, daga nan a ninka su, sannan a ƙara maganin sa fitsari na dangin tayazaid, idan har yanzu bai sauka ba a tura wa likita. Fifita amlodifin yana da hujja daga nahiyarmu. Binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, wanda aka buga a 2019 bayan an gwada mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan wanda ba shi da shi. Ki kula da abu biyu: amlodifin yakan kumbura ƙafa, a faɗa wa mutum tun farko don kada ya tsorata ya watsar; losatan da makamancinsa lisinofiril kuma ba a ba mai ciki ko wadda ke iya ɗaukar ciki ba tare da tsari ba.

Wahalar gaske tana farawa ne bayan wata na farko. Mutanenmu sun saba da maganin zazzaɓi, na kwana 3 a warke, saboda haka da katin magani ya ƙare sai a ce an gama. Nakan ce musu maganin nan kamar tabarau yake, yana aiki ne muddin ana sa shi. Nakan kuma faɗa musu amfaninsa a fili, cewa saukar da lambar sama da 10 kawai yana rage haɗarin shanyewar jiki da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Za su tambaye ki zoɓo da tafarnuwa. Zoɓon da ba a cika wa sukari ba yana ɗan taimakawa, ban hana kowa shi ba, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ga mai 170/100. Da azumi, mai shan magani sau ɗaya a yini ya mayar da shi buɗa-baki ko sahur, masu shan na sa fitsari kuma su ga ma'aikaci kafin watan ya kama, musamman idan ya faɗo a bazara. A riƙa ganin mutum duk wata har lambarsa ta daidaita, daga nan duk bayan wata 3 zuwa 6. Batun kuɗi kuwa ki tambaya kai tsaye, a keɓe, domin magidanci zai gwammace ya ce ya manta da ya ce ba shi da shi, kuma magani mai araha da zai iya saye duk wata ya fi mai tsada da zai sha mako biyu ya ajiye.

Wannan amsa tana da iyaka, Malama. Tsari ne na gaba ɗaya, ba takardar maganin wani mutum ba, kuma kafin ku fara aiki da shi sai kun zauna da likitan da ke kula da asibitinku ya rubuta muku matakan ya sa hannu. Matashin da bai kai shekara 30 ba da aka samu da hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da wanda magani uku suka kasa saukar da nasa, duk ba na ƙaramin asibiti ba ne, domin akan sami wata cuta a ƙarƙashi da ke buƙatar bincike. Littafi da jan biro kuma ba za su kawo magani cikin kantinku ba idan ya yanke, wannan sai an kai kuka ga hukumar lafiya a matakin farko ta jiha.

Wurin farawa kuwa yana kusa da ke. Mutum biyun nan da aka kawo muku suna da 'ya'ya da ƙanne da mata, cutar tana bin jini, kuma tukunya ɗaya suke ci. Idan kin je gaishe su a wannan makon, ki sa na'urar a jaka, ki nemi kujera a zaure, ki auna duk babban da kika tarar a gidan, ki kuma rubuta sunayensu a shafin farko na littafin.